Igiyar da ta Fito daga Mara Hula

Mijina ya sayar da shanun huɗarmu ya sayo motar da ba ta da rufin kirki, motar ta kusa kashe mini jika, kuma har yau bai buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba. Ni ma ban ce na yafe ba. Muna zaune lafiya, ina tuƙa tuwo yana ci, amma ya san inda maganar take kwance. Shekaru sun ja, yarinyar ta girma har ta fi ni karatu, amma yammacin nan ba zai fita daga kaina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Bari in fara da motar. Tun yana saurayi Malam, mijin nawa, ya yi aiki a wata gonar gwaji, inda wani Bature yake zuwa da 'yar mota ja mai rufin tamfol. In ya ga dama sai ya naɗe rufin ya mayar baya, ya tafi kai a waje iska na dukansa. Malam ne mai wanke ta. Ashe tun lokacin abin ya zauna masa a rai, ni ban sani ba. Da furfurarsa da komai, ranar da ya kai injin ban-ruwa gyara unguwar Bacirawa a Kano, ya hango irinta a bayan garejin wani bakanike, tayoyi sun sace, kaji na yin ƙwai a kan kujera. Ya dawo gida ya kasa cin abinci.

"Ƙirar Turai ce ta asali," ya ce mini. "Ƙarfen da, ba gwangwanin yanzu ba."

Na ce, "Za ta yi huɗa?"

"Ke dai ba ki san mota ba."

"Na san sa. Sa ba ya shan fetur, in ya tsufa kuma a yanka a ci."

Bai saurare ni ba. Ya kora shanun kasuwar Ɗambatta, bayan kwanaki sai ga motar an jawo ta a bayan a-kori-kura, yara na binta da gudu. Su suka raɗa mata suna Mara Hula, don sun ce duk motar mutunci da rufi take tafiya. Sunan ya bi ta har manya suka ɗauka.

Sayenta ne mai sauƙi. Riƙonta kuwa, ban taɓa ganin abu mai ci kamarta ba. Yau kafireto, gobe lagireto, jibi a ce wani ƙarfe ne da babu shi a duk Kano sai an aika Legas. Da safe ba ta tashi sai samari sun tura. Cikinta na jan ƙasa, hanyarmu kuwa duk rami da yashi. Ba ta nisa ba ta ɗau zafi ba, saboda haka kullum da jarkar ruwa a ƙarƙashin ƙafata, kamar mai rakiyar majinyaci. Birkinta sai an taka an sake takawa kafin ya kama, in ya kama kuma ya fizge ka gaba. Sai kuma ƙugiyar da ke danne rufin idan an naɗe shi ta karye, aka nema aka rasa. Malam ya samo igiyar rama yana ɗaure tamfol ɗin da ita. Igiyar ba ta zama, da an yi tafiya sai ta kwance, bakinta ya sauko kan kujerar baya yana lilo. Ban san sau nawa ya ce mini, "Kama mini igiyar nan," ba.

Da kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, ya naɗe rufin bai sake buɗewa ba. Ya kafa mata rumfar kara a gindin rumbu. Na ga ɓeraye sun fara fitar da soson kujera, na ce masa, "Malam, ka matsar da abar nan daga rumbu. Ɓeraye sun tare a ciki, mai cin ɓera ma zai tare." Ya ce zai sa magani. Bai sa ba.

Akwai abu guda game da ni da sai na faɗa kafin a gane sauran. Ni mace ce da ba ta ɓoye magana. Na faɗa wa mai unguwa gaskiya a gaban jama'a, na faɗa wa surukata. Amma kakata ce ta raine ni, kuma a gidanta in rana ta faɗi ba a kiran sunan maciji. Sai dai a ce igiya, ko igiyar ƙasa. Ta ce kiran sunansa gayyata ce, yana ji zai zo. Na taɓa suɓutar baki ina ƙarama, ta buge mini leɓe har ya fashe. Tun daga nan, da magariba ta doso, kalmar nan ba ta fita daga bakina. Ba ni kaɗai ba ce, yawancin matan ƙauyenmu haka muke.

Ranar da abin ya faru ranar farin cikina ce. Bayan na aurar da autata na shiga ajin yaƙi da jahilci na mata, na zauna da allo a gabana ina haɗa baƙi da wasali, har malamarmu ta lura ina runtse ido ta sa aka yanka mini tabarau. Ranar za a ba mu takardar shaida a Ɗambatta. Na so in hau bas da sauran mata, Malam ya ce ina, 'yar makarantarsa ba za ta matsu a bas ba, da Mara Hula zai kai ni kowa ya gani. Muka ɗauki jikata, 'yar ɗana, wadda a lokacin ba ta shiga firamare ba. Malam yana ce mata Amarya, ita kuma ta ce ita ba ta son tsoho mara haƙori.

An yi taro lafiya, aka kira ni na karɓa. Ban cire tabarau ɗin ba duk yinin, don ina so a san na yi karatu. Muka yi yamma saboda motar ta ƙi tashi sai da 'yan dako suka tura. Lokacin da muka sauka daga titi muka kama hanyar ƙauye, rana ta faɗi amma da sauran haske. Hanyar siririya ce, shingen aguwa dama da hagu, gonaki an yanke dawa an jingine kara. Yarinyar ta gaji ta yi barci a 'yar kujerar baya, ta jingina kanta da naɗaɗɗen tamfol.

Na ji iska ta yi sanyi, sai na juya don in rufa mata mayafina. Na ga igiyar rama a inda take, ɗaure. Kusa da ita kuma na ga wata, baƙa, mai kauri kamar hannuna, tana zamowa daga cikin tamfol a hankali. Ta sauko ta gefen kunnen yarinyar, ta bi kafaɗarta, ta kwanta a kan zanenta. Jelar ba ta gama fitowa ba. Kumurci ne, irin mai fasa kai yana tofi.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na san in na yi ihu yarinyar za ta zabura, in ta zabura shi ke nan. Na san in Malam ya taka birki da ƙarfi motar za ta fizga, ta watso su gaba tare. Sai na sassauta murya.

"Malam, igiya."

"Na ɗaure ta tun safe," ya ce, idonsa na kan hanya.

"Malam, igiya ta fito."

"To ki tura ta ciki mana. In mun je gida na sake ɗaurewa."

"Ba irin wannan ba. Igiya nake ce maka."

Ya yi dariya. "Yau ɗin nan aka ba ki takarda, har kin fara raba wa igiya iri? Bar ta, ga mai aikina nan." Sai ya ɗaga murya. "Amarya, tashi ki kama wa tsohonki igiyar nan."

Yarinyar ta yi motsi cikin barci, hannunta ya ɗago. Abin ya janye wuya ya ɗaga kai. Malam kuma, ganin ba ta amsa ba, ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya miƙa shi baya yana lalube.

Na cafke hannun nasa na danne a kan cinyata har farcena ya shiga namansa. Ina jin leɓena yana zafi daidai inda kakata ta buga. Na ce, "Maciji ne. Yana kan yarinyar. Kada ka taka birki."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Bai juya ba, a nan kam na yaba masa. Ya ɗage ƙafa daga totur, ya kashe inji, ya karkatar da motar cikin yashin gefen hanya, tana tafiya tana rage gudu har ta tsaya da kanta. Daga wani ƙauye can ana kiran salla. Ina jin numfashin yarinyar, ina jin ƙarfen inji yana ƙas-ƙas yana hucewa.

"Me zan yi?" in ji Malam, muryarsa kamar ta yaro.

"Kada ka yi komai. Ka yi salati a zuci."

Muka zauna. Ban san tsawon zaman ba, ni dai na ga duhu yana ƙaruwa, kuma na san in ya rufe ba zan ƙara ganin inda kan yake ba. Macijin ya sauke kai, ya zame daga jikinta zuwa kan kujera, amma rabinsa na kan ƙafarta. Sai yarinyar ta buɗe ido. Ta dube ni, ta ce, "Inna, mun zo?"

Na ce, "Ba mu zo ba. Dube ni, kada ki dubi ko'ina. Mu ga wa zai riga wani motsi, ni ko ke."

Ta yi murmushi, ta ɗauka wasa ne. Amma yaro ba ya daɗewa a wasa ɗaya, na ga idonta ya fara gangarawa ƙasa. Mayafin na hannuna tun ɗazu. Na durƙusa a kan kujerata, na ware shi, na jefa a kan macijin, na damƙi yarinyar ta hammata na fizgo ta gaba. Mayafin bai rufe shi duka ba. Ya miƙe ya fasa kai, na ji wani ruwa ya fantsamo mini a fuska. Na tura yarinyar jikin Malam, ya yi waje da ita, ni ma na faɗo ta ƙofata. Ina gani da ido ɗaya abin ya bi ta bayan motar ya sauka ya shige cikin aguwa.

Tabarau ɗin ne ya tare yawancin tofin, na gan shi yana gangarowa a kan gilashin. Kaɗan ya shiga ta gefen idon hagu, kuma kaɗan ɗin nan kamar an zuba mini barkono da garwashi. Malam ya jawo jarkar ruwan lagireto ya yi ta kwarara mini har ta ƙare. Na tuɓe yarinyar a nan bakin hanya na duba ta ko'ina, tsakanin yatsu, bayan kunne, ƙasan gwiwa. Babu ko ƙwarzane. Kuka take yi don na fizge ta da ƙarfi.

Malam ya ce bari ya nemo masu turi mu ƙarasa. Na ce ya ƙarasa da abarsa. Na goya jikata, na ɗaure da zane, na taka har gida da ido ɗaya. Ɗana ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti aka sake wanke idon aka ɗiga magani aka ɗaure. Idon ya yi kwanaki a kumbure kafin ya sace.

Da na dawo na tarar an turo motar an mayar gindin rumbu. Malam na zaune a tabarma. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Da kin ce maciji tun farko."

Na ce, "Da ka bar mana shanunmu."

Kowa da tasa gaskiyar, shi ya sa har yau maganar ba ta mutu ba. Amma na yi tunanin tasa. Kalmar da aka koya mini don ta kare ni ita ce ta kusa sa jikata ta kama kumurci da hannunta. Bai jira gayyata ba, tun kafin in ambace shi yana cikin motar, ya raka mu Ɗambatta ya rako mu. Abin da na koya ke nan: abin da zai iya kisa a kira shi da sunansa, da rana ko da magariba, don wanda ke kusa da kai ya san me kake nufi.

Gari na wayewa, da ido ɗaure, na ɗauki wuƙar yankan kubewa na nufi rumfar. Na yanke igiyar rama, na sa sanda na ware tamfol ɗin daga nesa, na bi shi na yanke daga jikin ƙarafunansa. A cikin ninkin akwai sheƙar ɓeraye, da saɓar maciji doguwa, busasshiya. Malam na tsaye yana kallo. Na ja tamfol ɗin bayan gida na cinna masa wuta. Sannan na ɗauki gawayi, na rubuta MACIJI da manyan baƙaƙe a jikin rumbu, kalma ta farko da na rubuta ba malama ce ta sa ni ba. Na kira matan gidan da yara, na ɗora jikata a cinya, na nuna da yatsa.

"Faɗi," na ce mata.

Ta faɗa. Na ce ta sake, da ƙarfi, yadda mai tuƙi zai ji.