Waƙar da Na Yi wa Mama a Malaz

Mama ta rasu a ƙarshen Oktoba, lokacin da dawa ta nuna a gida. Ni kuwa ina Riyad ina tuƙa motar kafilina, Balaraben da sai da sa hannunsa zan iya barin ƙasar. Na roƙe shi ya bar ni in je jana'iza, ya ce, "Bukura, in sha Allah," wato gobe. Goben tasa ba ta zo ba har aka rufe Mama. Ƙanwata ta gaya mini a waya cewa matan zumunta sun raka ta da waƙa har bakin kabari, suna buga tulu. Shekara da shekaru Mama ce ke ba su waƙa suna amsawa. Ni ɗanta na fari ko baiti ɗaya ban yi mata ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

A Riyad babu coci. Ikilisiyarmu ta 'yan Katolika falo ce a wani bene a unguwar Malaz, gidan wani dattijo ɗan Indiya da muke kira Katikis, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Ranar Juma'a da hantsi muke haɗuwa, tunda ita ce ranar hutu. Bibbiyu ake shiga, kowa ya kwashi takalminsa ya shige da shi, don tulin takalma a ƙofa shi ke tona asirin taro. Waƙa kuwa sai da raɗa, ba tafi, ba ganga. Ni da na tashi a cocin da kiɗa ke girgiza kwanon rufi, kullum ina yi musu tsiya cewa sauro ma ya fi mu murya. Amma na san dalili. In maƙwabci ya kai ƙara, dukanmu za a kwashe, a tasa ƙeyarmu gida.

Nuwamba watan tunawa da matattu ne. A gida makabarta ake zuwa, a nome ciyawa, a kunna kyandir, Fada ya yayyafa ruwa mai tsarki. Mu nan ba Fada. Katikis ya kan kafa kyandir ɗaya cikin kofin shayi, kowa ya ambaci mamacinsa, a yi masa addu'a. Kafin a fara na ja shi gefe na ce, "Baba, ina so in yi wa mahaifiyata waƙarta, da Hausa." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yi, ɗana. Amma shuwayya-shuwayya," wato a hankali.

Da layi ya zo kaina, na fara ƙasa-ƙasa kamar mutumin kirki. Baitin farko ya tafi lafiya. Sai na iso wurin amshi, inda Mama ke ɗaga kai mata su karɓe mata gaba ɗaya. Na dakata, ba wanda ya amsa. To wa zai amsa? Daga Indiyawa sai nas-nas 'yan Filifin, ba mai jin Hausa ko ɗaya. Shirun nan ne ya karya ni. Na ba da waƙa, na amsa wa kaina, na sake bayarwa, ban ma san muryata ta cika falon ba. Wallahi ba da gangan na yi ba.

Sai muka ji an buɗe wata ƙofa a waje, ana tafiya a baranda. Wata nas ta janyo 'yarta ta rungume. Katikis ya taso ya rufe mini baki da tafin hannunsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Uwata guda, a ce in yi mata waƙa kamar ɓarawo? Na damƙi wuyan hannunsa, da na so da na yar da shi gefe, don dattijon ba shi da wani nauyi. Na ɗaga ido na ga hawaye na bin gemunsa.

"Ka yafe mini, ɗana," ya ce a kunnena. "Akwai yara a nan."

Bai ɗauke hannun ba, ni ma ban daina ba. Cikin tafinsa na ƙarasa wa Mama waƙarta, baiti da amshi, har yatsunsa suka jiƙe. Da na gama ya goge hannun a rigarsa, ya yi wa matar da ke kusa da ni alama. Ta faɗi sunan mijinta, da ƙyar na ji shi.