Mwuese a Bencin Baya

Shekara goma sha ɗaya Mwuese ta yi tana shan duka a gidan mijinta Tyover, kuma duk unguwarsu a Adikpo babu mai cewa bai sani ba. Da safe sai ta ja ɗankwali ta rufe kumburin, ta ɗauki garin rogonta ta nufi kasuwa, mata su ce, "Sannu Mwuese, kin sake faɗuwa ne?" Faɗuwa! Sai ka ce ita kaɗai ƙasar garin ke wa santsi.

Ranar da ya karya mata muƙamuƙi da taɓarya don miya ta huce, yayanta ya zo ya kwashe ta da 'ya'yanta biyu. Wata biyu kunu kaɗai ke shiga bakinta. A wannan kwanciya ta fara karanta Littafi Mai Tsarki da kanta, tana bi da yatsa, don a aji huɗu ta tsaya. Da can abin da ake karanto wa mata a coci kawai ta sani, biyayya da haƙuri. Sai ta ci karo da wata zabura inda wani bawan Allah ke kai ƙarar amininsa, wanda suke zuwa sujada tare, mai daɗin baki da mugun ciki. Mutumin bai yi kara ba, ya ce Allah ya saka masa. Ta karanta sau uku, ta yi kuka har muƙamuƙin ya hau zogi. Ashe ana zuwa gaban Allah da fushi, kuma ba ya korar mutum.

Dattawan coci ne suka yi korar. Macen da ta bar gidan miji, in ji su, tana ƙarƙashin horo: za ta zauna a bencin baya, ba za ta ci jibin Ubangiji ba, gurasar tsarki da ake rabawa a coci, sai ta koma. Tyover kuwa dikon ne, mai hidima a coci. Shi ke zagayawa da farantin gurasa, da wannan hannun nasa, cikin farar riga mai guga.

Wannan ya fi karayar ci mata rai. Tun tana budurwa jibi bai taɓa wuce ta ba. Da ya wuce ta sau uku, ta je ta sami dattawan.

Baba Gbaden, babbansu, ya gyara tabarau. "'Yata, Kirista yafewa yake yi."

"Na yafe, Baba. Komawa ce ba zan yi ba."

"Mijinki ya tuba. Har kuka ya yi a gabanmu."

"Kuka? Ai gwani ne. Baba, da ya fasa mini ido bara waccan, wa ya raka ni na koma? Ba kai ba ne? Ka ce ya tuba. To yau a wane benci ya zauna?"

"Ki iya bakinki."

"Bakin da ya karya? Da ƙyar na samo shi, Baba, bari in yi amfani da shi."

Suka tashi taron. Hukunci yana nan.

Ranar jibi ta gaba Mwuese ta zauna a bencinta kusa da ƙofa, inda awaki ke leƙowa. Ana fara waƙa sai Mama Ashiver ta miƙe daga sahun farko. Tsohuwar ta haura tamanin, da ita aka ɗebo yashin ginin cocin, kuma ita ake fara miƙa wa faranti a ɓangaren mata. Ta dogara sanda ta ratsa cocin gaba ɗaya, ta zo ta zauna jikin Mwuese tana haki.

"Matsa mini, 'yar nan."

"Mama, nan wurin masu laifi ne."

"Ɗaga murya. Kunnen nan tun ina amarya marigayi mijina ya kashe shi, kuma shi ma dikon ne."

Dole Tyover ya biyo ta, don ba a tsallake Mama Ashiver. Ya tako har baya, ido duk a kansa. Tsohuwar ta ɗauki gurasa, ta raba biyu a gabansa, ta danƙa wa Mwuese rabi.

"Mama, dattawa sun hana," in ji shi a hankali.

"Teburin ubanka ne? Je ka gaya musu su ƙaro benci, ni ma na dawo nan."

Mwuese ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Ta sa gurasar a baki, ta tauna a hankali ta gefen da ya rage mata haƙora, shi kuwa yana tsaye riƙe da faranti har ta haɗiye.