Yaya, wa zai raka ni ranar Talata?

Allah da Ya ba mu aronki Ya karɓi abinSa, Yaya, ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi. Daga gare Shi muka zo, kuma can za mu tarar da ke. Ina gaban allo ina yi wa yara rubutu wayata ta yi ƙara, na duba na ga mijinki ne, mutumin da bai taɓa kirana a lokacin aiki ba. Sai da na nemi kujera na zauna sannan na amsa. Ya ce, "Auta, sai haƙuri." Nan take na gane.

Ke kika raine ni bayan rasuwar Inna, da kekenki na ɗinki kika kai ni makaranta har na zama malama. Duk unguwarmu Mai Labule ake kiranki, don da wuya a shiga gida ba a ga aikin hannunki rataye a taga ko a ƙofa ba. Kuma ban san mace mai ƙarfin hali kamarki ba. In naƙuda ta kama maƙwabciya mijinta ba ya nan, ke ake bugawa ƙofa. In mace ta rasu dangi suka tsaya cirko-cirko, ke kike naɗe hannun riga ki yi mata wanka. Ni kuwa ko ƙadangare ya faɗo ɗaki sai na hau gado, kina yi min dariya kina cewa Allah Ya raba tsoron gidanmu ya ba ni duka. Ashe kin ajiye naki kason, ba mu sani ba.

Shekaru bayan al'adarki ta ɗauke, jini ya dawo miki. Kika kira ni kina ƙyaƙyata dariya, wai kin koma budurwa, in gaya wa mijinki ya shiga taitayinsa. Kika ɗauka haila ce, kika ajiye salla a kwanakin. Da abin ya riƙa zuwa yana komawa babu tsari, damuwarki ɗaya ce, sallolin da kike sha. Shi ya sa ba ki nufi asibiti ba, kika nufi malamar da ke koya muku karatu da yamma, kika tambaye ta hukunci. Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri. Ta ce ki yi tsarki ki yi sallarki, amma jinin da ya zo bayan ɗaukewar al'ada tambayarsa tana wurin likita, kuma kada ki bari makon ya fita.

Kin je. Suka yi miki hoton ciki, likita ya ce bangon mahaifarki ya yi kauri fiye da yadda ya kamata, sai an leƙa ciki da kyamara an ɗebi ɗan nama a auna. Gwajin yana da dogon suna a bakin likitoci, ke dai leƙe kike ce masa. Aka sa miki rana. A wannan makon wata mata ta zo shagonki gwajin labule, hira ta kai ku can, ta ce ai an yi mata. Ta ce miki ta haifi 'ya'ya ba ta taɓa jin azaba irin wannan ba, ba a ba ta komai ba, ta yi ihu ba wanda ya tsaya, har ta suma. Ban ce matar nan ta yi ƙarya ba, Yaya. Na san akwai matan da abin ke yi wa tsanani haka, kuma akwai wuraren da ba a yi musu bayani. Amma daga ranar maganarta ta zauna miki a rai, ba abin da ya iya fitar da ita.

Sai uzuri ya fara. Akwai labulen amarya da kika yi alkawari. Jika ya zo, ba kya barin mai jego. Yarinyar shago ta yi tafiya. Jinin ma ai ya yi sauƙi. Kowane uzuri gaskiya ne, shi ya sa muka rasa ta inda za mu kama ki. Na yi lallashi, na yi faɗa, har muka yi kwanaki ba ma gaisawa, kika aiko min da saƙo cewa ba ni na haife ki ba. Haka muka ci kusan shekara. Sai ranar da kika tashi daga kan keke jiri ya ɗebe ki, aka ga kujerar ta jiƙe, sannan kika ce in zo in raka ki.

Ba zan manta ɗakin nan ba. Ƙarami ne, da gado mai wurin ɗora ƙafafu, da allo kamar talabijin a gefe, da jakar ruwa rataye a ƙarfe. Hannunki sanyi ƙalau, leɓɓanki sun bushe. Ma'aikaciyar jinyar, wata doguwa mai sanyin murya, ta jawo kujera ta zauna dab da ke. Ta nuna miki abin da za a shigar, siriri, bai kai kaurin fensir ba, da fitila da kyamara a bakinsa. Ta ce ta gaba zai bi ya wuce bakin mahaifa, ba yanka, ba ɗinki. Za a tura ruwan gishiri ya buɗe wurin don likita ya gani sosai, za ki ji ruwan yana zubowa, kada ki ji kunya. Ta ce yawancin mata ciwon mara suke ji irin na al'ada, wasu kuma yana yi musu tsanani, ba za ta ɓoye miki ba.

Sannan ta jero miki abin da za ki iya zaɓa. Ƙwayoyin kashe ciwon da suka ce ki sha sa'a guda kafin ki zo, kin riga kin sha. Akwai iskar da ake shaƙa ta bututu, tana sa jiri kaɗan tana rage zafin. Akwai allurar da ake yi a bakin mahaifa wurin ya mutu. In duk ba su yi miki ba, a fasa yau, a sa wata rana a ba ki maganin da zai sa jikinki ya saki kina gyangyaɗi, ko a sa ki barci gaba ɗaya, ki farka an gama. Kuma duk lokacin da kika ce a tsaya, za a tsaya.

Kika dube ta, kika dube ni. Na zaci sauƙi zan gani a fuskarki, sai na ga ɓacin rai. Kika ce, "Ashe ana tambayar mutum? Shekara guda ina gudu, ba wanda ya ce min ana tambayar mutum."

Kin zaɓi iskar. Ina tsaye a kanki, hannuna cikin naki. Da aka zo wucewa ta bakin mahaifa kika matse min yatsu har zobena ya shige nama, kika ce a tsaya. Likitan ya tsaya nan take. Ya bari kika huta, ya tambaye ki ko a yi allurar, kika ce a yi. Aka jira ta kama, aka ci gaba. Lokacin ɗibar naman kika ɗan yi nishi, kamar an mintsine ki ta ciki, in ji ki. Duka bai kai rubu'in sa'a ba. Kina saukowa daga gadon, abin da kika fara cewa shi ne labulen ɗakin ya yi gajere, kuma duk wanda ya yi masa kalmasa bai ji tsoron Allah ba. Aka ba ki audugar mata, aka ce za ki ga ɗigon jini da ciwon mara na 'yan kwanaki, in kuwa zazzaɓi ya zo, ko jini ya ɓalle, ko wari, ko ciwon ya ƙi lafawa, ki dawo da gaggawa. Da yamma kina shago.

Sakamakon ya fito bayan 'yan makonni. Ciwon daji ne, kuma ya riga ya wuce mahaifar. Na tambayi likitan a gefe ko jinkirin ne ya jawo. Ya ce ba mai iya rantsewa a kan haka, amma irin wannan ciwon in aka kama shi da wuri yawanci ana cin galabarsa. Ban taɓa gaya miki na yi wannan tambayar ba, ke ma ba ki yi ta a gabana ba. Mun san kwana na Allah ne. Mun kuma san abin da muka sani.

Abin da kika yi da sauran kwanakinki shi nake so a rubuta a ajiye. Bayan tiyata, tsakanin zuwa shan magani da dawowa, shagonki ya koma wurin wa'azi. Mace ta zo awon taga, sai ta tsinci kanta tana amsa tambaya a kan al'adarta. Wasu suka ji haushi, wata ma ta kwashe yadinta ta tafi. Ko a jikinki. Duk wadda aka rubuta wa leƙe, in labari ya iso gare ki, ke ce 'yar rakiya. Kina gaya musu komai ba ragi, har da matsar yatsun. Kina cewa su tambayi abin da aka tanada na rage ciwo tun kafin ranar, su faɗa in suna zaton suna da ciki don ba a yi wa mai ciki, su tafi da wani, kuma kada kunyar likita ta hana su cewa a tsaya.

Na tuna matar wani mai gyaran famfo, yarinya ƙarama da ta daɗe tana neman haihuwa, aka ce akwai tsiro a mahaifarta da za a cire ta wannan hanyar. Tsoro ya hana ta barci, kuma tana jin nauyin cewa a sa ta barci don kada dangin miji su ce ta cika raki. Kika ce mata jikinta ne, ba na dangin miji ba. Da aka ce kada ta ci komai tun safe saboda maganin barcin, ke ma kika ƙi karyawa, kika zauna a benci da gashinki da ya zube da ƙafafunki da suka kumbura, har ta farka kika kai ta gida. Ranar jana'izarki ta zo da goyo a baya. Labulen ɗakin leƙen nan ma ba ki ƙyale shi ba. Kin koma da tef kin auna, kin ɗinka musu sabo mai kauri har ƙasa, don kada mace ta kwanta tana tunanin ana hango ƙafafunta.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Watan jiya na ga ɗigon jini a jikina, ni da na manta rabona da al'ada. Ke kaɗai na gaya wa, kina kwance, muryarki da ƙyar take fita. Ba ki yi salati ba, ba ki yi kuka ba. Kika ce in ɗauko wayata in kira asibiti a gabanki. An yi min hoton, an ce ni ma sai an leƙa, an sa min Talata mai zuwa. Kika ce, "Ko a keken marasa lafiya ne sai na raka ki, Auta. Na san halinki."

Kin san halina kuwa. Tsoro nake ji, Yaya, tsoro sosai. Na san ɗakin, na san siririn abin, na ga an tsaya da kika ce a tsaya, amma duk da haka in na tuna gadon nan sai tsoron ya dawo min sabo. Kuma ciwon ba shi ne babban tsorona ba. Makonnin jiran sakamako nake tsoro, da yadda likita ke gyara zama kafin ya yi magana. Na ga ya yi miki. Abinci ba ya shiga, ina koyarwa sai in manta inda na tsaya, yara suna kallona suna zaton makoki ne kawai.

Jiya na ɗauki waya don in ce a ɗaga min ranar. Uzurina mai kyau ne, ba wanda zai zarge ni: masu gaisuwa ba su daina zuwa ba, gidanki yana bukatar babba. Doguwar ma'aikaciyar nan ce ta amsa. Ta gane muryata, ta yi min gaisuwarki, ta ce har yanzu suna ambatonki a sashen. Sannan ta tambaye ni abin da ya sa na kira. Uzurin yana bakina, sai na fasa faɗinsa. Daga ƙarshe na ce ina so in san ƙarfe nawa zan sha ƙwayoyin, kuma a tanadar min iskar da allurar duka biyun. Ta ce ƙarfe tara, in zo ƙarfe goma. Na ajiye wayar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ke.

Allah Ya jiƙanki, Yaya. Ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya faɗaɗa shi. Yadda kika tsaya a kan matan da tsoro ya kama, Allah Ya ba ki aminci ranar da kowa ke cikin firgici, Ya haɗa ki da Inna da Baba a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, wanda ya yi jinyarki bai taɓa nuna gajiya ba, da 'ya'yanki da jikokinki, da yaran shago, da duk matan da suka cika gidan nan suna kuka ba mu ma san wasunsu ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, Ya kyautata namu ƙarshen.

'Ya'yana kuma ku yafe min, a nan za ku fara jin wannan magana, bakina ya kasa faɗa muku. Ke babbar, ki nemi izini a wurin aiki, ki zo ki ɗauke ni ranar Talata da safe. In kika iso na ce miki kaina na ciwo, ko baƙi za su zo, ko a bari sai wani makon, kada ki saurare ni. Ki miƙo min mayafina kawai mu tafi.