Ruwan da Jana'iza Ta Ci

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa a Dutse ba, mahaifina ya faɗo daga kan babur ya karye a ƙafa ana tsakiyar noman rani. Dole na riƙa zuwa ƙauyenmu da ke gefen Ringim ina kula da alkamarsa. Ni da alli ya lalata wa hannu, sai ga ni da fartanya, matasan gari suna tsokanata wai in yi a hankali kada in share gonar kamar allo.

A fadamarmu inji ɗaya ne ke jawo ruwa daga kogi, ƙungiyar manoma ce hukuma ta ba izininsa. Sarkin Fadama, wani dattijo mai ƙarancin magana, shi ke raba wa kowa lokacinsa. Idan naka ya zo sai ka fasa bakin magudana ruwa ya shiga fangalinka, idan ya ƙare ka toshe da laka, na bayanka ya buɗe. A shekarar kogin ya ja baya sosai, har zagayen ya koma sau ɗaya a mako. Namu ranar Asabar ne, daga hantsi zuwa Azahar. Daga nan sai na maƙwabcinmu, wani dattijo mai zafin rai da suka daɗe ba sa ga maciji da Baba saboda rikicin iyaka.

Alkamar nan kuwa ta yi ciki, ganyenta ya fara nannaɗewa don ƙishi. Duk manomi ya san idan ta rasa ruwa a wannan gaɓar, ƙaiƙayi za ka girba. Ita ce abincin gidanmu na shekarar.

Ranar Asabar na isa da wuri. Na fasa bakin magudana ke nan, ruwa ya fara shiga fangalin farko, sai na ji inji ya yi shiru. Na ɗauka mai ne ya ƙare. Sai ga mutane suna fitowa daga gonaki suna karkaɗe riguna, wai an yi rasuwa a unguwar gabas. Al'adar fadamarmu ce, idan aka yi mutuwa ana kashe inji har sai an dawo daga maƙabarta, don kada ruwa ya hana wani zuwa jana'iza. Na bi su. Allah ya yafe mini, ina cikin sahu amma zuciyata tana gona, ina ta satar kallon rana. Aka jira wani ɗan mamacin da ke tahowa daga Taura, ba mu dawo ba sai da aka kira Azahar.

Muna idar da salla na ruga bakin magudana na tsaya a kai. Sarkin Fadama ya iso da jama'a, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ai daga inda aka tsaya za a ci gaba ko?"

Ya ce, "Malam, ruwan da jana'iza ta ci ya tafi. In na matsar da kai, na matsar da kowa har na ƙarshen layi, shi kuma gonarsa ta fi taka ƙishi. Sai Asabar mai zuwa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na miƙe na shiga zuba bayani kamar ina gaban aji, na ce wannan ba adalci ba ne, mutum ɗaya ba zai ɗauki asarar gari ba. Wasu matasa suka goya mini baya, wasu suka ce ɗan boko ya zo zai rushe musu tsari. Murya ta fara tashi. Aka tayar da inji, ruwa ya taho yana bugun ƙafata, na kafa fartanya na ce ba mai toshe wannan bakin yau.

Sai ga maƙwabcin namu ya ratso mutane, fartanya a kafaɗa. Aka dare masa hanya, domin kowa ya san halinsa. Wani ya riƙo masa riga ya fizge. Ya zo har gabana, ina jin numfashinsa, amma girman kai ya hana ni matsawa.

Ya ce, "Kauce, ɗan nan."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan kauce ba. Da kai abin ya faɗa wa, da ba za ka yarda ba."

Ya sauke fartanyar a hankali ya dogara da ita. Ya dube ni ya ce, "Ranar da muka kai mahaifiyarka, ruwan wa jana'izarta ta ci?"

Na waiwaya na dubi Sarkin Fadama, ya sunkuyar da kai. Wani tsoho ya ce a hankali, "Nasa ne. Albasarsa duk ta ƙone a shekarar. Kuma shi ya shiga kabarin ya karɓe ta."

Ina ƙarami sosai lokacin da ta rasu, ba wanda ya taɓa gaya mini. Ban san sanda na fito daga magudanar ba. Da hannuna na kwashi laka na toshe bakinmu, maƙwabcin kuma ya fasa nasa.

Da na koma gida na gaya wa Baba, sai ya juyar da fuska bango ya ce, "Haka aka yi. Kuma kada ka kuskura ka roƙe shi ko ɗigo." Fiye da rabin alkamar ta tafi. Mun ji jiki a shekarar, kuma su biyun ba su shirya ba har Baba ya koma ga Allah.

Har yau idan na ji wani yana rantsuwa cewa shi kaɗai aka zalunta, ina tuna kaina tsaye cikin laka. Ban ce al'adar ba ta da ciwo ba, na ɗanɗana. Amma na gane cewa ba wanda ya taɓa zuwa kabarinsa a fadamar nan ba tare da gonar wani ta kwana da ƙishi ba.

Ranin da ya wuce aka kira ni cewa maƙwabcin nan namu ya rasu. Na taho daga Dutse, na tarar inji a kashe. Bayan mun dawo daga maƙabarta na sami sabon Sarkin Fadama na tambaye shi ruwan wa jana'izar ta ci. Ya nuna mini wani magidanci mai tumatir, yana tsaye a bakin gonarsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba shi Asabar ɗinmu."