Burabuskon Ya Falmata

Shekarata goma sha tara ke nan ina aikin atenda a asibiti, amma duk cikin ranakun nan babu wadda ta ƙi fita daga raina kamar wata Laraba, lokacin cirar gyaɗa. Ku da kuka shigo aikin a bayanmu kun sha yi min tsiya, wai na cika leƙa kwanukan marasa lafiya. To ku zauna ku ji dalili.

Ga wanda bai san asibiti ba, atenda ita ce ƙasa da kowa. Mu ne shara, mu ne canza zanin gado, mu ne kai jini ɗakin gwaji, mu ne tura mara lafiya zuwa tiyata. A samanmu akwai nas-nas, sai Sista mai kula da ɗaki, sai Metiron, wadda ko tari ta yi a ofis sai mun gyara ɗaurin ɗankwali. Ranar da aka ɗauke ni, doka biyu aka nanata min. In kin zo aiki, ki fara zuwa teburin nas ki ji abin da ake ciki. Kuma kada ki ba mara lafiya ko da ruwa ne sai kin tambaya a ranar. Na san su duka biyun, ba zan ce ban sani ba.

Ni 'yar garin Balan ce, aure ya kawo ni Gaya. Iyakar tafiyata Kano, ita ma ban taɓa yarda na kwana ba. Ba na son barin gida, amma ina mutuwar son labarin garuruwa. Shi ya sa da aka kwantar da Ya Falmata a gado na huɗu a ɗakin mata, jininmu ya haɗu tun ranar farko.

Tsohuwa ce daga Gafasa, cikin Barebarin da suka daɗe da zama a can. Ƙari ne a cikinta, sai an yi mata aiki. Likitan tiyatarmu kuwa daga Kano yake zuwa, sau ɗaya a sati biyu, don haka tana kwance tana jiran zuwansa. Mijinta, Allah ya ji ƙansa, fataucin busasshen kifi ya yi, ya yawata da ita gari-gari. Abin da ya fi ba ni dariya, ita ba ta tuna gari da kasuwarsa ko unguwanninsa, sai da abin da ta ci da rana. Haɗeja a wajenta farfesun tarwaɗa ne a ƙarƙashin rumfa. Azare dambu ne da zogale, wanda wata maƙwabciya take miƙo mata ta kan katanga. Wudil fura ce da nono mai kauri. Nguru kuwa, inda aka kai ta amarya, in ta zo kan Nguru sai muryarta ta sauka.

Ina shara ƙarƙashin gadonta sai ta ce, "Ke Uwani, me kika ci yau da rana?"

"Ɗanwake, Iya."

"Jiya fa?"

"Ɗanwake."

"Wayyo Kanawa! Allah ya ba ku gero kun rasa yadda za ku yi da shi. Kullum jefa ƙullu a ruwa kamar masu jifan kwaɗi."

Matan ɗakin suka kwashe da dariya, har da wadda aka yi wa ɗinki tana riƙe ciki. Daga nan ta shiga ba ni labarin burabuskon Nguru. Tsakin gero ake turarawa a madambaci sau biyu, a murje shi da man shanu har ya warware. Miyar kuma ta yakuwa ce da gyaɗa da busasshen kifi. Ta ce uwar mijinta ce take yi, a ci bayan azahar a tsakar gida, ana jin kukan jirgin ƙasa daga nesa. Ta ce rabonta da cin irinsa na gaskiya tun tana goyon ɗanta Bukar, wanda yanzu har ya fara furfura.

Na ce, "Iya, ki koya min, ni zan yi miki."

An sa aikinta ranar Alhamis. Ranar Litinin na tambayi Sista, ta ce babu laifi ta ci abincin rana ranar Laraba, tunda sai dare za a tsayar mata da ci. Talata ranar hutuna ce, ita na ɓatar wajen surfe da ɓarza. Laraba ina aikin yamma, wanda ake karɓa ƙarfe biyu. Na iso biyu saura kwata da kwanon a ɗaure cikin tsumma, da zafinsa. Na ce a raina in na tsaya teburin nas zai huce. Sai na bi ta ƙofar baya, wajen famfo.

Babu kowa a gefenta, matar Bukar mai jinyarta ta fita sayo ledar ƙarin ruwa. Tana jin ƙamshin ta tashi zaune. Ta ja labule da kanta, ta yi bisimilla, ta sa hannu. Ta yi ta ci har ta kusa cinyewa, idonta a rufe. Ni kuwa ina tsaye ina jin daɗi kamar an biya min Makka. Da ta gama ta goge bakinta tas, ta ce, "Maza sa kwanon a jakarki, kada ki bar shi a nan." Ban kawo komai a raina ba.

Sannan na tafi teburin nas. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba Sista ta ce, "Yauwa Uwani, ɗauko gadon turawa. Likita ya dawo da aikin yau, gobe yana da tafiya. Mai gado na huɗu ce ta farko, tun safe muka tsayar mata da ci."

Ban yi karatu mai nisa ba, amma kunnena ba ya zubar da magana. Na sha jin Malam Garba, mai yin allurar barci a tiyata, yana yi wa 'yan'uwan marasa lafiya bayani. In aka sa mutum barci da abinci a cikinsa, abincin yakan taso ya faɗa huhu, shi kuma ba ya iya tari balle ya farka. Yakan ce wani a kan teburin ake rasa shi.

Na turo gadon. Sista ta buɗe fayil ta ce, "Iya, tun safe kin ci wani abu?"

"Ko ruwa ban kurɓa ba, 'yata."

Da ta faɗa, ni ta kalla. Sista ta sa biro ta rubuta.

Daga ɗakin mata zuwa tiyata baranda ce doguwa, na bi ta ya fi a ƙirga, amma ran nan ji na yi kamar tun daga Gaya nake turawa zuwa Ajingi. Sista tana gaba da fayil. Ya Falmata ta kamo bakin hijabina ta jawo ni kusa.

"Na san an hana ni. Ni na so. In kika faɗa korar ki za su yi."

"Iya, abin nan yana kisa."

"Likitoci komai a wajensu kisa ne. In ba a yi yau ba sai bayan sati biyu, ni kuma ban san ko zan kai ba. Ki yi shiru. In ma tafiyar ce, na tafi da abincin garinmu a cikina."

Ina tuna yarana huɗu da wannan aikin yake ciyarwa. Ina tuna cewa babu wanda ya gan ni, kwanon yana cikin jaka, ita kanta mai abin ta ce ba ta ci ba. Na ce wataƙila ba abin da zai faru. Sai kuma na ga kaina ina turo gadon nan na dawo da shi, an ja zani har kan fuska.

A ƙofar tiyata akwai jan layi a ƙasa, nan atenda take tsayawa, mutanen ciki su karɓa. Malam Garba ya fito da hularsa ta aiki, ya duba fayil, ya sake tambayarta. Ta sake cewa ko ruwa. Ya kama gadon zai ja, ya ji bai motsa ba. Ashe ni ce na riƙe ƙarfen da hannu biyu.

"Uwani, saki mana."

Na ce, "Ta ci abinci."

"Me kika ce?"

"Ta ci abinci, Malam. Yanzu-yanzu. Ni na ba ta."

Ya Falmata ta ce, "Ƙarya take yi, yarinyar nan ba ta da lafiya."

Na ce, "Kwanon yana cikin jakata, ko wankewa ban yi ba."

Sista ta ce innalillahi, fayil ɗin ya kusa faɗuwa daga hannunta. Aka kira likita. Na zaci zai yi min ihu, da ma ya yi, da ya fi min sauƙi. A hankali ya tambaye ni ƙarfe nawa, me ta ci, yaya yawansa.

"Da mai a ciki?"

"Da man shanu, ranka ya daɗe."

Ya kalli agogo, ya kalli Malam Garba. Ya ce abinci mai maiƙo irin wannan sai an jira awa takwas, shi kuma akwai mutum uku a layi, kuma dole ya koma Kano a ranar. "A mayar da ita. Sai zuwa na gaba."

Ni na turo ta muka dawo. Ta juya fuskarta bango, ba ta sake kallona ba.

Bukar ya tare ni a baranda, idonsa jawur. Ya ce, "Baiwar Allah, gyaɗata tana ƙasa ban cire ba saboda jinyar nan. In wani abu ya sami tsohuwar nan kafin likita ya dawo, ke da Allah."

Washegari Metiron ta kira ni ofis. Aka ba ni takardar tuhuma, wadda muke kira kweri, aka ce in amsa a rubuce cikin kwana biyu. Aka cire ni daga ɗakin mata aka mayar da ni sharar harabar waje, har sai kwamitin ladabtarwa ya zauna.

Wallahi a sati biyun nan maganar kora ba ita ce take hana ni cin abinci ba. Kullum da safe sai na kai tsintsiyata gindin tagar gado na huɗu na leƙa. Tana ramewa ina gani. Ta fara amai, aka sa mata ruwa. Wata safiya na leƙa na ga gadon babu kowa, an cire zani, an jingine katifa. Na zauna a ƙasa a wajen. Sai da wata nas ta leƙo ta ce, "Uwani, tashi, kusa da teburinmu muka matsar da ita don mu riƙa ganinta."

Likita ya dawo ranar da ya ce. Wata atenda ce ta tura ta. Ni ina waje gindin dalbejiya, na share wuri ɗaya ya fi sau goma. Bayan la'asar Malam Garba ya fito yana cire hula. Ya hango ni, ya zo har inda nake.

"An cire, ta farka. Har ta fara faɗa da nas."

Na fashe da kuka. Ya ce, "Ki gode wa Allah da ya buɗe miki baki ran nan. Da ƙarin ya danne mata hanji haka, ga tsufa, ga cikin a cike, ban ce zan iya dawo miki da ita ba."

Kwamiti bai kore ni ba. An sa min takardar gargaɗi a fayil, aka jinkirta min ƙarin girma shekara guda. Metiron ta ce, "Laifinki ƙofar baya. Abin da ya cece ki ƙofar tiyata. Koma ɗakinki."

Kwana uku ina shara a ɗakin mata Ya Falmata ba ta tanka min ba. Ina gaishe ta tana rufe ido. Ran na huɗu na sunkuya ina jawo shara daga ƙarƙashin gadonta, sai na ji murya a saman kaina.

"Yakuwar ta yi tsami. Ba ki zubar da ruwan farko ba."

Na ɗago. Tana kallon rufi, ba ni ba.

Na ce, "Iya, ai ba ki gaya min ana zubarwa ba."

"Komai sai an gaya miki? Ke da bakinki ba ya riƙe magana."

Muka yi dariya, ita tana dafe da ɗinki, ni hawaye yana zuba.

Abin da na koya, a aikin nan ba mugunta ce ta fi kashe mutum ba, tausayi ne da bai tsaya ya yi tambaya ba. Izinin Litinin ba ya aiki ranar Laraba. Kuma mutanenmu masu kara ne. Mara lafiya zai kalli Sista ido cikin ido ya ce bai ci komai ba, don kada a ci mutuncin wanda ya kawo masa, ko da ransa ne a kai. Don haka in kuna tura gado zuwa tiyata kuma kun san abin da ba ya cikin fayil, kada ku ce ku ƙananan ma'aikata ne. Ku riƙe ƙarfen nan, kada ku saki sai kun faɗa.