Bindigar da Ba Ta Tashi

Bindigar da na gada a wurin mahaifina ba ta tashi. Kunamarta ta karye tun yana da rai, kullum yana cewa zai kai ta maƙera, har Allah ya yi masa cikawa bai kai ba. Doguwar nan ce ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, samari suna yi mata kirari da harba-ka-ruga. Mutum biyu ne kawai suka san matacciya ce, ni da matata.

Ni ba maharbi ba ne. Malamin firamare ne, na sha ƙurar alli har na yi ritaya na koma gona. Ƙauyenmu yana tsakanin Batsari da Safana, gonata kuwa ita ce ta ƙarshe ta yamma, daga ita sai daji. Da mutanen daji suka matsa mana, suna kore shanu, suna ɗauke manomi daga kan kunya da fartanyarsa a hannu, maƙwabtan gonata suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna da wata gonar kusa da gari, wasu suna da ɗa a birni mai aiko musu. Ni wannan ce kaɗai, in ban noma ta ba gidana babu tuwo.

Sai na ciro bindigar daga bayan ƙofa, na goge ta da man gyaɗa har ta riƙa ƙyalli. Kullum da safe in rataya ta in bi ta tsakiyar gari, ina tsayawa gaisuwa a kowace ƙofa, domin na san maganar da aka yi a ƙauyenmu da safe tana isa daji kafin azahar. A gona kuma in jingine ta a jikin ɗorawa, inda mai leƙe daga nesa zai hango ta. Damina uku na yi a haka. Ban ce ita ta tsare ni ba, Allah ne mai tsarewa, amma dai ba wanda ya tako gonar.

Bayan la'asar mukan zauna a ƙofar shagon tela mu saurari rediyo. Tunda ni ne tsohon malami, duk labarin da ya yi wa mutane nauyi ni ake juyo wa. A 'yan shekarun nan maganar makaman nukiliya ta dawo bakin masu labarai. Na yi musu bayani iyakar sanina: makami ne da guda ɗaya zai shafe birni da mutanensa da dabbobinsa, ƙasar ma ta daɗe ba ta moru ba. Manyan ƙasashe kowace ta saita nata a kan 'yar'uwarta, wanda ya fara harbi shi ma ba zai kai labari ba, don haka kowa ya riƙe hannunsa, kar ta san kar. A da suna da yarjejeniya, kowa yana barin mutanen ɗayan su shigo su ƙirga abin da ya tara. Yanzu rediyo na cewa igiyar ta yi sako-sako, har wasu suna maganar komawa gwaji. Su ne kuma suke zare wa ƙananan ƙasashe ido kada su ƙera nasu, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

A cikinmu akwai abokina, Bafulatani, tsarana ne. Mutanen daji sun kwashe masa shanu kaf a yini ɗaya, ya dawo gefen gari da 'yan awaki. Ba ya yawan magana, amma in ya yi sai ta zauna. Ranar ya gyara zaman sandarsa ya ce da ni, "To kai Kaɗo, abin da ba a harbawa, ta ina anka san shina tashi?"

Bindigata ta faɗo mini a rai, amma na dake. Na ce, "Ba a sani ba. Ba dai wanda ke son a gwada a kansa."

Ya dube ni ya ɗan daɗe, ya ce, "Awo." Na yi sauri na tambayi tela ko ya gama mini wandona.

Ra'ayina a kan waɗannan makamai ban taɓa ɓoye shi ba. Na tsane su. Da za a tambaye ni, a tattara su duka a binne, kada a bar ko ɗaya. Amma na ce duka. Na taɓa jin labarin wata ƙasa da ta miƙa nata bisa alkawarin ba za a taɓa ta ba, bayan shekaru aka shiga mata gida da tankokin yaƙi. Tun da na ji wannan labarin bai bar raina ba.

Ana cikin haka, dawa ta fara nuna, aka ce za a yi sulhu. Mai gari ya aika gida-gida: duk mai bindiga ya kawo ta filin makaranta da hantsi, wani jami'i zai zo daga birni ya karɓa, mutanen daji ma za su zo. Na yi murna, wallahi na yi. Na gaji da ratayen ƙarya, na gaji da waige-waige in na sunkuya noma. Na ɗauki bindigata na tafi da niyyar in ajiye ta in huta.

A filin da na yi shekaru ina jera yara aka shimfiɗa tabarmi. Muka zauna gefe guda da tsofaffin bindigoginmu. Can sai ga ƙarar babura, mutanen daji suka shigo, kowane da bindigar bature a kafaɗa da ɗamarar harsashi a ƙirji. Suka zauna a inuwa ba tare da sun sauke ko ɗaya ba. Babbansu wani siriri ne mai rawani, ba zai wuce sa'ar ɗana na fari ba, ya ɗora tasa a kan cinya yana shafa ta.

Jami'in ya yi jawabi mai daɗi a kan zaman lafiya. Daga nan aka fara kiranmu. Abin da ban zata ba shi ne, ya zo da wani mai duba makamai. Duk wadda aka miƙa sai ya ɗaga ta, ya ja kunama, ya leƙa baki, sannan ya faɗa da ƙarfi don mai rubutu ya ji: "Mai aiki." Ko kuma: "Matacciya." Duk lokacin da ya ce matacciya sai mutanen daji su kwashe da dariya. A bindiga bakwai na farko huɗu matattu ne. Ashe ba ni kaɗai ba ne nake yawo da gawa a kafaɗa.

In aka ɗaga tawa aka ce matacciya a gaban wannan mai rawani, ya san shekara uku da ice na tsare gona. Kuma ga dawa tana jiran yanka, ni kaɗai a bakin daji. Da aka kira ni na miƙe, amma ban matsa ba.

Jami'in ya ce, "Baba, kawo mana."

Na ce, "Yallaɓai, ina da tambaya. Waɗancan na inuwa, yaushe za a duba nasu?"

Jami'in ya ce ana bin abin daki-daki ne, nasu zai biyo baya, sai an gina yarda tukuna. Na ce, "Yarda da wa? Wa ya kore shanun wa? Ni na shiga daji na ɗauko ɗan wani, ko su suka shigo gari? In sulhu ne, ga tabarma nan, ya ajiye tasa in ajiye tawa, mai dubawa ya duba duka biyun. In kuwa mu kaɗai za a tuɓe, wannan ba sulhu ba ne, fiɗa ce, kuma ni ba rago ba ne."

Mai gari ya ce, "Malam, yi haƙuri, kada ka ɓata mana taro." Na ce, "Ranka ya daɗe, girmanka ya fi haka a wurina, amma gonarka tana bayan masallaci, tawa tana bakin daji." Na juya na bar filin da bindigata a kafaɗa, ƙeyata tana yi mini zafi don na san bakin bindiga nawa ne a bayana. Sai na ji takun mutum a gefena. Abokina ne Bafulatani, da sandarsa, ya raka ni har ƙofar gida.

Labari ya riga ni shiga gida. Matata ta tare ni a tsakar gida, muciya a hannu. Ta ce, "Malam, kana da hankali kuwa? Ka tsaya gaban masu bindigar gaske da icen girki kana yi musu wa'azi? Wannan muciyar ta fi abin da ke kafaɗarka amfani." Na ce ta rage murya, bango yana da kunne. Ta rage, amma hawaye suka zubo mata. Ta ce a bar musu dawar, mu ci ganye. Na ce ba zan bari ba. Ba jarumta ba ce, haushi ne ya cika mini ciki, har na kasa cin tuwon da ta kawo.

Sati biyu bayan haka na shiga yankan dawa. Ba wanda ya yarda ya zo mini ƙwadago, ni ma ban ga laifinsu ba. A kwana na uku, rana ta take, ina ɗaure dami, na ji babur ya tsaya a bakin gona. Mai rawanin nan ne, shi kaɗai. Ya yi sallama kamar mutumin kirki, na amsa. Na taka a hankali na ɗauki bindigata daga jikin ɗorawa, na riƙe ta bakinta na kallon ƙasa. Tsakaninmu bai fi kunya goma ba.

Ya ce, "Baba, sannu da aiki. Dawa ta yi kyau bana."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "Wani abu ke ba ni mamaki. Shekara nawa muna ganin wagga bindiga taka, ba mu taɓa jin muryarta ba. Ko kurciya ba ka taɓa harbi ba. An ce mini ba ta tashi."

Na ce, "Wanda ya faɗa maka, don me bai zo da kansa ba? Kunya goma ce tsakaninmu. Tako ka ji muryarta."

Ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa. Ban san tsawon lokacin ba. Na ga idonsa ya sauka kan bakin bindigar, ya koma kan yatsana, ya dawo fuskata. Yana lissafi ne: in gaskiya aka faɗa masa, ya sami dawa da tsoho, in ƙarya ce, cikinsa ne zai karɓi albarushi da guntayen ƙarfe. Can ya yi murmushi ya ce, "Tsoho da taurin kai. Za mu sake gaisawa." Ya hau babur ya tafi. Da ƙarar ta ɓace sai na zauna daɓas a kan kara. Na daɗe a haka, sannan na tashi na ƙarasa damin da na fara.

Na san ba a cin irin wannan sa'a sau biyu. Washegari da sassafe na naɗe bindigar a tabarma na hau babur zuwa Safana, wurin wani tsohon maƙeri. Abin da ya gagari mahaifina har ya mutu, kafin in gama shan fura an gama shi. Da na dawo na wuce gona kai tsaye, na ɗura albarushi, na ɗaga bakinta sama, na yi bisimilla na ja kunama. Ta yi ƙara har tsuntsaye suka watse, kafaɗata ta yi kwana biyu tana ciwo. Ban sauke ta ba sai ga amsa daga cikin daji, harbi a jere, ya fi ashirin.

Na kwashe dawata duka, ta shiga rumbu, ba a taɓa ko zangarniya ɗaya ba. Mutanen gari suna yi mini barka, ni kuwa ban ji daɗin komai ba. A da in na rataya bindigar, ba ni da abin da zan iya yi wa kowa, kuma ashe hakan wani irin hutu ne. Yanzu in ɗan wani ya tako gonar nan zan iya kashe shi, kuma na san zan ja kunamar. Hannun da ya yi shekaru yana kama hannun yara yana koya musu rubutu shi ne yau yake auna albarushi. Ban yafe wa mai rawani ba, ban kuma yafe wa waɗanda suka zaunar da shi a inuwa ba. Damina mai zuwa, in da rai, gonar nan zan shuka.