Gobnait da Hancin Malam Hegarty

Gobnait Dineen 'yar masunta ce a wani ƙauyen gaɓar tekun Kerry. Da ta shiga makaranta ba ta jin Turanci ko kaɗan, sai harshen Irish na iyayenta. Malam Hegarty kuwa yakan rataya wa kowane yaro guntun itace a wuya. Duk wanda ya yi yaren gida sai a yi wa itacensa tsaga, kowace tsaga bulala ɗaya.

Wata rana ya mare ta har kunnenta ya yi jini. Da ta kai ƙara gida, ubanta ya ce, "Gobe ma ya ƙara miki. Yarenmu ya taɓa ciyar da wani?"

Tana da shekara goma sha uku Malam ya shaƙe ƙaninta Fiachra, yana buga kansa da bango don ya nemi ruwa da yaren gida. Gobnait ta ɗauki allonta na dutse ta maka masa a fuska. Hancinsa ya karye, jini ya wanke masa riga.

"To, wannan ma tsaga!" in ji ta.

Limamin coci ya kore ta a ranar. Ta koma gyaran kifi, ta yi aure, ta haifi bakwai, har ta rasu ba ta iya karatu ba.